Idan An Sake Tsarin Ofis, Wa Ke Ɗaukar Nauyin?

Unguwar Plateau ta birnin Abijan, inda ofisoshin gwamnatin Kodebuwa suke, tana zaune ne a tsakanin manyan unguwanni biyu na talakawa. Adjamé tana arewa da ita, da babbar kasuwarta da tashoshin motarta. Treichville tana kudu, a ƙetaren ruwan Ébrié, kusa da tashar jiragen ruwa. Gadoji biyu ne suka haɗa ta da Plateau, wato gadar Houphouët-Boigny ta 1957 da gadar De Gaulle ta 1967. Hausawan Nijar da na Nijeriya sun daɗe a unguwannin nan biyu suna kasuwanci da ƙananan sana'o'i. Har abincin nan na garin rogo da soyayyen kifi, wanda duk Abijan take ci, sunansa garba, kuma ana cewa daga sunan 'yan Nijar masu sayar da shi ne ya samo asali.

Kowace safiya mutane iri biyu ne suke shiga Plateau ta waɗannan hanyoyi. Akwai waɗanda za su zauna a bayan tebur: akawu, da mai buga takardu, da mai riƙe hatimi. Akwai kuma waɗanda za su tsaya a gaban tebur: mai neman takardar kotu, da gwauruwa mai bin fanshon mijinta, da ɗan kasuwa mai neman izini. Sau da yawa bas ɗaya ce ta kamfanin SOTRA take ɗauko su duka. Sa'ad da manya a saman bene suka shawarta a sake yadda ofis yake aiki, waɗannan mutane iri biyu ne suke fara jin abin a jikinsu. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: wane hakki ne yake wuyan mai kawo canji, wane hakki kuma yake wuyan wanda canjin ya zo ya tarar?

Tsohon tsari ma yana da waɗanda yake cuta

Kafin a zargi masu kawo canji, ya kamata a tuna cewa barin abu yadda yake shi ma zaɓi ne, kuma akwai masu biyan kuɗinsa. Idan takardar da za a iya gamawa a yini ɗaya tana cin mako uku, wani ne yake rufe shagonsa a Adjamé sau huɗu domin ya je ya tambaya ko ta fito. Idan sunan mamaci yana nan a jerin masu albashi, kuɗin da za a ɗauki sabon malami da su ne wani yake sawa a aljihu.

Mutanen Abijan suna da suna ga 'yan tsakanin nan da suke tsayawa a ƙofar kotu da ofisoshi, suna karɓar kuɗi domin su sa takarda ta fito da wuri. Suna ce musu margouillat, wato ƙadangaru. Bahaushe zai gane sunan nan da nan, gama ya san ƙadangaren bakin tulu: a bar shi ya ɓata ruwa, a kashe shi a fasa tulu. Ɗan tsakani yana rayuwa ne a kan jinkirin ofis. Duk inda layi ya yi tsawo, hanyar kuma ba a bayyane take ba, nan ne kasuwarsa take ci. Mai kuɗi ya biya ya wuce, matalauci ya tsaya a rana.

Matsalar tsohuwa ce ƙwarai. Littafin Fitowa ya ba da labarin yadda jama'a suke tsayawa kewaye da Musa tun safe har yamma suna jiran shari'a, har surukinsa Yetro ya ba shi shawara ya raba aikin ga amintattun mutane masu ƙin cin hanci. Musa bai yi wa kowa rashin gaskiya ba, duk da haka tsarin yana gajiyar da shi da jama'ar duka. Mutum yana iya zama mai gaskiya a cikin tsarin da yake wahalar da mutane. Saboda haka gyaran ofis aikin adalci ne, kuma wanda ya ƙi shi ba tare da dalili ba yana da alhakin waɗanda suke tsaye a layi.

Abin da ya faru a 1990

Amma yarda da cewa canji ya zama dole ba ta amsa tambayar wanda zai biya ba. Tarihin Kodebuwa yana da darasi a nan. Bayan shekarun arzikin koko da kofi, farashi ya faɗi a kasuwar duniya. A 1987 ƙasar ta dakatar da biyan bashin waje. A 1989 aka rage kuɗin da ake biyan manomi a kan kilon koko daga sefa 400 zuwa 200. A farkon 1990, bisa ga matsin masu ba da bashi, gwamnatin Shugaba Félix Houphouët-Boigny ta sanar da yanke albashin ma'aikata.  Ɗalibai da ma'aikata suka fito kan titi, gwamnati ta janye maganar, a cikin shekarar nan kuma aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Aka kira Alassane Ouattara, wanda yake gwamnan babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, ya shugabanci gyaran tattalin arziki, ya zama firayim minista a watan Nuwamba na 1990.

Ramin da yake cikin baitulmali bai cike ba don an janye yankan albashi. Sai aka nemi waɗansu kafaɗu. Abubuwa biyu da aka yi a lokacin sun isa a dube su da kyau.

Na farko ya shafi malaman makaranta. Daga 1991, sababbin malaman da aka ɗauka aka sa su a kan albashin da bai kai na waɗanda suka riga su shiga ba. Malamai biyu a makaranta ɗaya, da takardar shaida iri ɗaya, da yawan aiki iri ɗaya, amma a ƙarshen wata kuɗinsu ya bambanta ƙwarai. Mutanen ƙasar suka riƙa kiransa albashi mai gudu biyu. An yi kusan shekara goma a haka kafin gwamnatin Laurent Gbagbo ta soke shi a 2001.

Na biyu ya shafi baƙi. Dokar 1990 ta kawo katin izinin zama, wanda aka fara aiki da shi a 1991, kuma ana biyan kuɗi kafin a samu. A ƙasar da baƙi suka fi kashi ɗaya cikin huɗu na jama'arta, bisa ga ƙidayar 1988 da ta 1998, wannan hanyar samun kuɗi ce mai sauƙi. Amma a titunan Adjamé da Treichville katin ya zama dalilin tsayar da mutum a hanya da karɓe masa ɗan abin da ya samu. Har 'yan ƙasa daga arewa, waɗanda sunayensu suka yi kama da na baƙi, abin ya taɓa su. Sai a 2007 aka ɗauke wa 'yan ƙasashen Afirka ta Yamma wannan kati.

Me ya haɗa abubuwan nan biyu? Ma'aikatan da suke kan aiki suna da ƙungiyoyi, sun iya rufe makarantu da ofisoshi. Malamin da ba a ɗauka ba tukuna ba shi da ƙungiya, gama bai ma shigo ba. Mai sayar da garba baƙo ne, ba shi da irin wannan ƙarfi. Nauyin ya gangara ne zuwa inda ba za a ji kuka ba. Masu mulkin lokacin suna da hujja, kuma hujjar ba ƙarya ba ce: babu kuɗi, dole a samo su a wani wuri. Amma zaɓen wurin da za a samo su shi ne ainihin tambayar ɗabi'a. Gyaran da aka ɗora wa marasa murya yakan yi sauƙin farawa, sa'an nan ya bar ɗacin da yake daɗewa fiye da matsalar da aka so a magance.

Doka a takarda, mutum a kan hanya

Akwai kuma canjin da yake kasawa don ba a lissafa rayuwar masu aikin a ciki ba. A 1983 aka zartar cewa Yamusukuro ce babban birnin ƙasar. An yi manyan gine-gine da faffaɗan tituna a can. Shekara arba'in da wani abu bayan haka, ma'aikatu da ofisoshin jakadanci suna nan a Abijan. Dalilan suna da yawa, har da rashin kuɗi da rikicin da ƙasar ta shiga. Amma ɗaya daga cikinsu a fili yake: ofis ba gini kaɗai ba ne. Akawu yana da matar da take sayar da atamfa a kasuwar Adjamé, da 'ya'ya a makaranta, da tsohuwar da yake kaiwa asibitin Treichville. Tashar jiragen ruwa da bankuna da 'yan kasuwar da ofis yake yi wa hidima su ma ba su tashi ba. Ana iya sa hannu a doka da safe, amma ba a tumɓuke dubban iyalai da alƙalami.

A gwada wannan da abin da aka yi a 2012, sa'ad da gwamnati ta sake lokutan aiki. Dā akwai dogon hutun tsakar rana, mutane su tafi gida su komo da yamma. Aka mai da aikin daga ƙarfe 7:30 na safe zuwa 4:30 na yamma, da hutun awa ɗaya. Canjin ƙarami ne a ido, amma ya taɓa abin da kowa ya sani. Wanda yake zaune a Abobo ko Yopougon, yana ratsa cunkoson Adjamé, tafiya biyu a yini ta fi masa huɗu. Mai neman takarda kuma ba ya zama awa biyu da rabi a gindin bango yana jiran a buɗe taga. Duk da haka ko wannan yana da nasa tambayoyin. Ina ma'aikaci zai ci abincin rana da ɗan albashinsa a unguwa mai tsada kamar Plateau? Wa zai karɓi yaran da suke komowa gida da tsakar rana? Shugaban da bai taɓa hawa bas ba ba zai tuna da waɗannan ba sai an faɗa masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A shekarar 2012 ɗin nan ne kuma aka gyara dokar fansho. An ɗaga shekarun ritaya daga 57 zuwa 60 ga ƙananan ma'aikata, daga 60 zuwa 65 ga manya, aka kuma sake yadda ake lissafin kuɗin. Asusun fansho yana cikin giɓi, gyaran yana da dalili. Amma sa'ad da ma'aikata suka ga abin da sabon lissafin yake nufi ga tsufansu da ga matan da za su bari, suka shiga yajin aiki na makonni a watan Janairu na 2017. Makarantu da ofisoshi suka tsaya. A watan Agusta na shekarar aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta shekara biyar tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ma'aikata, gwamnati ta kuma yarda ta biya tsohon bashin albashi na kusan sefa biliyan 250 a hankali. An sabunta yarjejeniyar a 2022. Zaman da aka yi bayan yaji, da ma an yi shi kafin yaji. Yaran da suka rasa darasi da marasa lafiyan da suka jira ba su cikin masu gardamar, amma su suka biya kuɗin jinkirin.

Hakkin wanda yake bayan tebur

Ba daidai ba ne a ɗora dukan laifi a kan manya. Ma'aikaci ma yana da nasa hakki, kuma ba kowace ƙin yarda ce mai tsarki ba. Idan aka kawo sabon tsari, misali aka ce daga yau da kwamfuta za a riƙa rajistar takardu, mutane uku suna iya cewa ba su so, amma dalilansu ba ɗaya ba ne.

Na farko tsoro yake ji. Ya yi shekara ashirin da biyar yana rubutu a babban littafi da hannu, ya san inda kowane fayil yake, ana girmama shi saboda haka. Yanzu zai zauna kusa da yaron da ya haifa ya tambaye shi inda zai danna. Wannan mutum koyarwa yake bukata, da lokaci, da a kiyaye masa mutuncinsa. Idan aka yi masa dariya a gaban ƙanana, an yi asarar abin da ya sani duka.

Na biyu sani ne yake sa shi magana. Ya san cewa wuta takan ɗauke, ya san cewa sunan Bahaushe ɗaya yana iya fitowa iri uku a takardu uku, Mahamadou a nan, Mamadou a can, Muhammadu a wata, na'urar kuma za ta ce mutane uku ne. Wannan ma'aikaci dukiya ne ga mai kawo canji, ko da bakinsa ba shi da daɗi.

Na uku abincinsa ne aka taɓa. Idan kowa yana iya ganin ranar da takarda ta shigo da teburin da ta tsaya, na goro ya ƙare, abokinsa ƙadangare na bakin ƙofa kuma ya rasa kasuwa. Wannan yakan ari muryar na farko da ta na biyu. Shi ne zai fi kowa cewa na'urar ba ta aiki.

Aikin shugaba mai hikima shi ne ya bambanta su, kuma ba zai iya ba daga nesa. Wanda ya ɗauki dukan masu gunaguni ɓarayi zai kori na biyu ya karya zuciyar na farko. Wanda ya ɗauke su duka masu gaskiya zai bar na uku ya kashe gyaran a ɓoye. Aikin ma'aikaci kuwa ya fi wuya, gama shi kaɗai ya san ko wanne ne shi a cikin ukun. Ya kamata ya tambayi lamirinsa: abin da nake karewa, amfanin mai tsayawa a layi ne, ko nawa? Idan sabon tsari yana da aibi, ya faɗa a fili a gaban wanda zai iya gyarawa. Yin shiru a taro sa'an nan a ja ƙafa a tebur wani irin ƙarya ne, kuma talaka ne yake shan wahalarsa.

Wanda ba a gayyata taron ba

Akwai mutum na uku da ba safai ake tunawa da shi ba a irin wannan shawara, shi ne wanda aka kafa ofishin dominsa. A shekarun nan Kodebuwa ta mai da ayyuka da yawa kan intanet, kamar rajistar jarrabawar shiga aikin gwamnati. A 2019 aka kafa hukumar ONECI domin katin shaida da rajistar jama'a, a 2023 kuma aka yi sabuwar dokar aikin gwamnati a madadin ta 1992. Amfanin a fili yake ga wanda ya iya karatun Faransanci, yana kuma da waya mai kyau. Amma mai tura amalanke a Adjamé, wanda karatunsa na allo ne ko na Hausar boko, dole ya je shagon kwamfuta ya biya wani ya cika masa. Idan ba a yi hankali ba, ƙadangaren da aka kora daga ƙofar ofis ya komo ta wata ƙofa da sabuwar riga. Ofishin da ya sake tsari ya kamata ya bar taga ɗaya da mutum mai rai a bayanta, ya kafa farashin kowace takarda a bango inda kowa zai gani, ya kuma yi sanarwa da harsunan da ake ji a kasuwa.

A nan ne jama'ar unguwa suke da abin yi. Shugabannin Hausawa, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da majami'u da masallatai, suna da matasa masu karatu. Yaro ɗaya mai gaskiya da zai zauna ranar Asabar ya taimaki tsofaffi cika takarda kyauta ya rage wa 'yan tsakani kasuwa fiye da wa'azi goma a kan cin hanci.

Wata ƙin yarda mai nauyi

Mai karatu yana iya cewa: idan sai an tambayi kowa, ba abin da zai motsa. A 1990 baitulmali ya bushe, masu bashi suna ƙofa, ina lokacin zama da masinja? Maganar tana da ƙarfi. Gaskiya ne akwai ranar da shugaba zai yanke shawara ba tare da kowa ya yarda ba, kuma shawarar da ba ta ƙarewa ita ma hanyar gudun aiki ce.

Amma jin ta bakin mutum dabam yake da ba shi ikon hana abu. Ko a cikin gaggawa akwai abin da ba ya cin lokaci. Faɗin gaskiya a kan abin da za a rasa ba ya cin lokaci. Fara yanka daga sama, daga motoci da alawus na manya, kafin a kai ga albashin mai shara, ba ya cin lokaci. Faɗin ranar da za a sake duba matakin, da cika wannan alkawari, shi ma haka. Mutane sukan jure wahala mai yawa idan sun ga wanda ya ɗora musu ita ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashi. Abin da ba sa jurewa shi ne a ce musu su ɗaure ciki alhali mai faɗar yana ƙara ƙiba. Tarihin da aka bi a sama ya kuma nuna cewa saurin da aka yi da farko ana biyansa daga baya: an janye yankan 1990, an soke albashi mai gudu biyu, an ɗauke katin baƙi, an koma teburin shawara a 2017. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka duk wanda aka ba aikin gyara ofis, ko minista ne, ko shugaban sashe mai mutum biyar a ƙarƙashinsa, yana da wurin da zai auna aikinsa. Ya sauko daga bene bayan wata shida, ya tambayi ƙaramin ma'aikaci ko an koya masa sabon aikin kafin a zarge shi da kasawa. Sa'an nan ya fita waje ya sami na ƙarshe a layi, wadda ta taso daga Treichville tun da asuba da takardun mijinta a leda, ya tambaye ta sau nawa ta zo, nawa kuma ta kashe ban da abin da doka ta ce. Idan zuwan ya ragu, kuɗin kuma ya ragu, gyaran ya yi. Idan ba su ragu ba, kujeru da fenti kawai aka sake, aikin yana nan yana jira.